Kwana Uku Kafin Na Saki Shafina

Daren da na rubuta layi na ƙarshe, hannuna har ƙaiƙayi yake yi in ɗora shafin a intanet in huta. Wata biyu na yi ina gina shi da kaina. Shafuka biyar ne kawai, na darussan lissafi da Hausa, don ɗaliban da harshen littafi ke tare wa hanya tun kafin su isa ga lissafin kansa. Akwai shafin farko, akwai na darussa, akwai na tambayoyin gwaji, da wanda na gabatar da kaina, sai na aiko da saƙo. Na riga na yi rajistar suna, na tanadi wurin da zan ajiye shi, abin da ya rage kawai in tura fayilolin.

Na kira wani abokina da ya daɗe a harkar gina shafuka don in yi masa albishir. Ya taya ni murna, sannan ya tambaye ni a ina na duba shi. Na ce a kwamfutata, kuma komai lafiya lau. Sai ya ce, "Malam, kwamfutarka ta san ka. Duk abin da ka manta ba ka saka ba, ita za ta rufa maka asiri. Ka ba shi kwana uku, ka riƙa dubawa kamar wanda bai taɓa ganinsa ba."

Ban so jin haka ba, amma na bi shawararsa.

Yadda nake duba aikina a watanni biyun nan shi ne yadda kusan kowa ke farawa. In buɗe folda, in danna fayil ɗin index.html sau biyu, ya buɗe a burauza. Idan ka lura da wurin adireshi a sama, za ka ga bai fara da http ba, ya fara ne da file, sai harafin C, sai jerin foldoji har zuwa inda fayil ɗin yake kwance. Wato burauza ba ta je ko'ina ba, daga cikin kwamfutarka ta ɗauko shi ta shimfiɗa maka. Wannan ya isa a ga launi da tsarin rubutu, kuma ni ban raina shi ba, da shi na koyi rabin abin da na sani. Sai dai ba haka mai ziyara zai samu shafin ba. Shi burauzarsa za ta aika buƙata ne ga wata kwamfuta da ake kira uwar garke, ita kuma ta miƙo fayilolin ɗaya bayan ɗaya. Tsakanin hanyoyin nan biyu akwai rata, kuma a cikin ratar ne kurakuraina suka ɓuya.

Da ma akwai abin da ya daɗe yana damuna. Shafin gwaji yana ɗauko tambayoyinsa ne daga wani fayil na daban ta hanyar JavaScript, harshen umarni da ke sa shafi ya yi aiki a burauza, kuma tun da na raba su gida biyu, shafin ya koma fili fetal, babu tambaya ko ɗaya. Na ɗauka idan na ɗora shi zai gyaru da kansa. A daren farko na danna F12, taga ta buɗe a gefe, na shiga ɓangaren da ake kira Console, sai ga jan rubutu yana jirana. Burauza ce ta ƙi barin shafin ya karanta fayil ɗin. Da na fahimci dalilin, sai na ga gaskiyarta. Da a ce duk shafin da aka buɗe daga cikin kwamfuta yana da izinin karanta fayilolin da ke kusa da shi, da wani mugu zai turo maka fayil guda, kana buɗewa ya shiga laluben takardunka. Don haka aka toshe ƙofar ga kowa, har da mai gida.

Maganin shi ne in mayar da kwamfutata ƙaramar uwar garke ta wucin gadi. Na yi zaton babban aiki ne, ashe layi ɗaya ne. Da yake akwai Python, wani harshen rubuta manhaja, a kwamfutar, na buɗe baƙar tagar nan ta ba da umarni a cikin foldar shafin, na rubuta python -m http.server 8000, na danna Enter. Sai na koma burauza na rubuta localhost:8000. Kalmar localhost tana nufin "wannan kwamfutar da nake kai", lambarta kuma 127.0.0.1, ita kuwa 8000 lambar ƙofar da za a ƙwanƙwasa ce. Masu amfani da VS Code, wata manhajar rubuta shafuka da manhajoji, suna da wata hanya mai sauƙi, ƙarin da ake kira Live Server, wanda ke buɗewa a ƙofa ta 5500 kuma yana sabunta shafin da kansa duk lokacin da ka adana gyara. Ni dai na fi son baƙar tagar, saboda tana rubuta mini duk abin da burauza ta roƙa da amsar da aka ba ta: 200 idan an samu, 404 idan babu.

Tambayoyin gwaji suka fito reras. Murnata ba ta kai minti ɗaya ba, domin tambarin da ke saman kowane shafi ya ɓace, da wasu hotuna biyu. Na duba adireshinsu a cikin rubutun shafin, sai na ga na rubuta shi ne tun daga C, da sunana na cikin kwamfuta, da foldar da nake tara hotuna. A wurina wannan adireshi daidai ne, amma a duk duniya babu wata na'ura da ke da wannan folda sai tawa. Da na ɗora shi a haka, kowa zai ga fanko. Na kwaso hotunan na zuba su a folda ɗaya cikin foldar shafin, na gyara adireshin ya zama daga inda shafin yake ake ƙirgawa. A jerin baƙar tagar na kuma ga 404 ga wani fayil mai suna favicon.ico da ban taɓa roƙa ba. Ashe ƙaramin hoton nan ne da ke fitowa a gefen sunan shafi a saman burauza, ita ce ke nemansa da kanta. Na yi masa guda.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a daren shi ne shafin darussa. Kanun darasi na uku ya kamata ya ce "Ƙidaya da ƙananan lambobi". Abin da na gani a wurin ƙaramin ƙ shi ne Æ™. Duk inda ɗ take ta koma É da wani dogon layi, ɓ ma ta rikiɗe. Shafin ya zama kamar an watsa masa tsakuwa. Na zauna ina kallo, ina tunanin ɗalibin da da ma tsoron lissafi yake ji, ya shigo ya tarar da wannan. Ba zai ce marubucin ya manta layi ɗaya ba, zai ce abin ya fi ƙarfinsa ya fita.

Layi ɗaya kuwa na manta. A sauran shafuka huɗu na rubuta meta charset="utf-8" a can sama, a wannan ne kawai ya kuɓuce mini. Tsarin UTF-8 yana ajiye haruffan boko na yau da kullum a gurbi ɗaya ɗaya, amma ƙ da ɗ da ɓ gurbi biyu kowannensu ke ci. Idan ba a gaya wa burauza tsarin da aka yi rubutun da shi ba, sai ta yi hasashe. Lokacin da nake buɗe fayil ɗin kai tsaye hasashenta na faɗawa daidai, shi ya sa ban taɓa ganin matsalar ba. Da ya biyo ta uwar garke, sai ta koma wani tsohon tsari na harsunan Yammacin Turai, ta karanta kowane gurbi a matsayin harafi mai zaman kansa, harafi ɗaya ya rabe biyu. Na saka layin, na ƙara da lang="ha" a kan kowane shafi don burauza da manhajojin da ke karanta wa makafi rubutu su san Hausa ce.

Washegari na dawo kan haruffan nan, domin ko bayan gyaran akwai abin da idona bai gamsu da shi ba. A cikin kanun shafukan, ɗ da ƙ sun fi 'yan'uwansu siranta, kamar baƙi a cikin sahu. Dalili shi ne salon haruffan da na zaɓa don kanu ba shi da haruffa masu lanƙwasa ko kaɗan. Idan burauza ta nemi harafi a salon da ka ce ta rasa, takan aro shi daga wani salon da ke cikin na'urar, in kuwa babu mai shi gaba ɗaya sai ta ajiye ɗan akwati. Ga kuma matsala ta biyu a ƙarƙashin ta farko: salon nan a kwamfutata kaɗai yake, ni na saka shi da daɗewa har na manta. Mai ziyara ba zai gan shi ba sam. Na bar shi duk da ina son kyansa, na koma Noto Sans, wanda ke da dukkan haruffanmu manya da ƙanana, na ajiye fayil ɗinsa a cikin foldar shafin don ya tafi tare da shi. Tun daga ranar, kafin in amince da kowane salo sai na rubuta Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ a jere na ƙura musu ido. A ganina duk mai gina shafi da Hausa, wannan ne gwajinsa na farko, kafin launi, kafin hoto.

A nan ne kuma na ɓata kusan rabin awa kan abin da ba matsala ba ne. Na sauya launin kanu a fayil ɗin CSS, wanda ke kula da launi da tsarin shafi, na adana, na sabunta shafin, launi bai motsa ba. Na sake, shiru. Na fara rushe abin da yake daidai ina neman kuskure. Ashe burauza tana ajiye kwafin fayilolin da ta taɓa saukewa don kada ta riƙa wahalar roƙonsu kullum, tsohon kwafin take nuna mini. Danna Ctrl da Shift da R tare ya tilasta mata ɗauko sabo. Daga baya na ga a ɓangaren Network na tagar F12 akwai ɗan akwatin da ake yi wa alama a hana ta ajiyar gaba ɗaya muddin tagar na buɗe.

Sai batun waya, wanda ya cinye mini sauran ranar. Na san yawancin ɗaliban da nake rubutawa dominsu a waya za su karanta, amma ni a babban allo na yi aikin wata biyu. A cikin tagar F12 ta Chrome, idan ka danna Ctrl da Shift da M, shafin zai tsuke ya koma girman allon waya. Na sa faɗinsa pixel 360, wato ƙananan ɗigon da ake auna allo da su, sai ga shafina gaba ɗaya ya ƙanƙance, rubutu kamar tururuwa. Na rasa wani layin kuma, wanda ake kira viewport, mai gaya wa burauza ta bi faɗin allon na'urar. Idan babu shi, burauzar waya takan ɗauka shafin na babban allo ne, ta shimfiɗa shi a faɗin kusan 980 sannan ta matse shi ya shiga tafin hannu. Da na saka layin rubutu ya dawo girmansa, amma jadawalin ninkawa ya tsallake gefen allo, sai an ja shafin hagu da dama. Na sa shi a cikin akwatin da ke zamewa shi kaɗai, sauran shafin ya tsaya cak.

Na ɗauka na gama da waya. Abokin nawa ya ce a'a, kwaikwayon waya daban, waya daban, gani ya kori ji. Ya koya mini yadda zan buɗe shafin a wayar gaske ba tare da na ɗora shi a intanet ba. Idan waya da kwamfuta suna kan Wi-Fi ɗaya, sai ka rubuta ipconfig a baƙar taga, ka ga lambar kwamfutarka a cikin gida, wadda yawanci ke farawa da 192.168. Wannan lambar za ka rubuta a burauzar waya, ka bi ta da ɗigo biyu da 8000. Karon farko bai buɗe ba, sai da na ba da izini a katangar tsaron kwamfutar.

Ban gwada da kaina ba. Na miƙa wa ƙanwata wayarta, na ce ta nemo darasi na biyu ta amsa tambayoyi uku, ni kuma na yi alkawarin ba zan ce uffan ba. Wannan shirun ya fi komai wuya a kwana ukun. Ta taɓa kalmar "Darussa" a sama, babu abin da ya faru. Ta sake taɓawa. Ta ɗago ta ce, "Yaya, wannan ba ya buɗewa." Ni kuwa na san yana buɗewa, sau ɗari na gan shi. Amma na gina shi ne yadda jerin darussan zai sauko idan aka ɗora linzamin kwamfuta a kan kalmar, ita kuwa waya ba ta da linzami, yatsa ne kawai, ko ya taɓa ko bai taɓa ba. Da ta isa shafin gwaji ta wata hanyar, sai ta nufi amsa ta biyu yatsanta ya danna ta uku, saboda maɓallan ƙanana ne kuma a manne da juna. Ta zo rubuta lamba, allon haruffa ya taso ya rufe tambayar, kuma haruffa ya kawo mata maimakon lambobi. Ta matsa kusa da taga inda haske ya fi yawa, ta ce, "Yaya, rubutun ƙasan nan ba na ganinsa." Ruwan toka ne mai haske a kan fari, wanda a ɗakina da daddare yake da kyau ƙwarai.

Ana cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A wannan ɗakin dai baƙuwa ce ta nuna mini, cikin minti biyar, abubuwa huɗu da na yi wata biyu ina wucewa ta kansu. Idona ya riga ya haddace shafin, ba karanta shi nake yi ba, tuna shi nake yi. Na mayar da jerin darussan ya riƙa buɗewa da taɓawa. Na ƙara girman maɓallan. Apple na ba da shawarar kada abin taɓawa ya gaza 44 a tsawo da faɗi, Google kuma 48, na ɗauki na biyun. Na sa inputmode="numeric" a gurbin amsa don allon lambobi ya riƙa fitowa. Na duhunta rubutun.

Kafin in kwanta na gwada nauyi. A localhost komai na buɗewa kamar ƙiftawar ido, tunda fayilolin ba su yi tafiyar ko taku ɗaya ba, kuma wannan saurin yaudara ce. A ɓangaren Network akwai wurin da za ka sa burauza ta yi kamar tana kan layin 3G. Na zaɓa, na sabunta shafin darussa, na zauna ina kallon hotuna suna saukowa layi layi. A ƙasan tagar an rubuta jimillar abin da aka sauke: ya haura megabayit 11. Hotunan misalan da na rubuta da hannu ne, na ɗauka da kyamara na saka yadda suke, kowanne faɗinsa ya kai 4000, alhali a shafin ko 800 ba ya ci. Abin ya dame ni sosai, domin datar ɗalibi ce zan ƙone a kan abin da idonsa ma ba zai gani ba. Na rage faɗinsu zuwa 1000, na mayar da su tsarin WebP, wani tsarin ajiye hoto mara nauyi, shafin ya dawo ƙasa da megabayit ɗaya.

Rana ta uku na fara da sauran burauzoji. Ba sai ka gwada goma ba, domin injina uku ne ke ƙarƙashin kusan dukkansu: Blink da Chrome da Edge ke amfani da shi, Gecko na Firefox, da WebKit na Safari. Na duba a Firefox, na ari iPhone na duba a Safari. Bambancin bai wuce siffar maɓallai da gurbin rubutu ba, na bar su. Na kuma liƙa rubutun shafukan a manhajar tantancewa ta W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta nuna mini wani sashe da na buɗe ban rufe ba, da hotuna biyu marasa bayanin da ake karanta wa wanda ba ya gani.

Daga nan na ɗora shafin, amma a wani ɓoyayyen adireshi na gwaji mai kalmar sirri, tare da alamar noindex don kada injinan bincike su tsince shi. Nan ne kuskuren da babu yadda za a yi in gani a gida ya fito. Na danna darasi na biyu, sai 404. Fayil ɗin yana nan, ina ganinsa da idona. Sai da na jera sunayen biyu na lura: fayil ɗin sunansa Darasi2.html da babban D, mahaɗin kuma na rubuta darasi2.html da ƙarami. Windows ba ta bambanta su, duk ɗaya ne a wurinta. Uwar garken kuwa Linux take amfani da shi a madadin Windows, kamar yawancinsu, kuma a can waɗannan sunaye biyu ne mabambanta. Na bi duk fayilolina na mayar da sunayensu ƙananan haruffa zalla, babu tazara, babu harafi mai lanƙwasa. Shafin aiko da saƙo ma sai a nan na iya gwada shi da gaske. Na aika wa kaina saƙo mai ɗauke da kalmar "ƙwaƙwalwa", ya iso da haruffansa cikakku.

Abu na ƙarshe babu manhajar da ta taimake ni a kansa. Na ɗauki takarda da biro, na karanta kowane darasi da murya a fili, na sake warware kowace tambaya kamar ban san amsarta ba. A tambaya ta 14 na tarar na rubuta cewa 7 sau 8 ya ba da 54. Shafin zai gaya wa yaron da ya rubuta 56 cewa ya faɗi, kuma yaron zai yarda da shafin, ba zai yarda da kansa ba. Na daɗe riƙe da biron kafin in gyara. Sannan na koma tambaya ta farko na sake bin su duka a karo na biyu.

Da yamma na cire kalmar sirri da alamar noindex, na mayar da fayilolin ainihin adireshinsu. Na kashe Wi-Fi a wayata, na kunna data, na buɗe tagar sirri a burauza don kada ta nuna mini wani tsohon kwafi, na rubuta sunan shafin harafi bayan harafi kamar yadda baƙo zai yi. Adireshin ya fito da https a gabansa, alamar cewa haɗin yana da tsaro. Tambari ya bayyana, kanu ya biyo baya, Ƙ ɗin "Ƙidaya" tsaye da kaurinta daidai da sauran. Na shiga gwaji, na gangara tambaya ta 14, na rubuta 56, ya ce daidai.

Na koma kan kwamfuta. Baƙar tagar tana nan a buɗe tun shekaranjiya, cike da layukan 200 da 404. Na danna Ctrl da C, ƙaramar uwar garken ta tsaya, na tura wa abokina adireshin.